Uwa a Cikin Ƙoƙon Kai: Asalin Sunan Dura Mater

Duk ɗalibin da ya shiga ajin ilimin gaɓoɓin jiki, a Zariya yake ko a Tokyo, ba zai yi nisa ba sai an haɗa shi da sunaye biyu na Latin: dura mater da pia mater. Sunayen tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa ne. Yawancin ɗalibai haddace su kawai suke yi saboda jarrabawa, su wuce. Amma in ka tsaya ka fassara su, abin zai ɗaure maka kai. Dura mater na nufin "uwa mai tauri", pia mater kuma "uwa mai tausayi". To, me ya kai uwa cikin ƙoƙon kai? Kuma ta yaya tantani zai yi tausayi?

Amsar a taƙaice ita ce, Rumawan da Latin yake harshensu ba su taɓa kiran wannan tantani uwa ba. Haruffan na Latin ne, amma salon maganar na Larabawa ne. Masu fassara ne suka ɗauko shi kalma da kalma kimanin shekara 900 da suka wuce, kuma a kan hanya ɗaya daga cikin kalmomin ta ɗan zame daga ma'anarta. Ga yadda abin ya faru.

Mene ne wannan tantani?

Ƙwaƙwalwar babban mutum tana da nauyin kilo 1.3 zuwa 1.4, kuma laushinta ya kai yadda in aka ajiye ta a faranti ba za ta iya riƙe siffarta sosai ba. Abu mai irin wannan laushi ba zai zauna a cikin ƙashi haka kawai ba. Shi ya sa akwai tantani hawa uku tsakaninta da ƙoƙon kai, kuma ukun nan sun gangara ta cikin ƙashin baya sun lulluɓe laka har ƙasa.

Na waje shi ne dura mater. Fari-fari ne, mai ƙarfi kamar jemammiyar fata, yana manne da ƙashi ta ciki. Na can ciki shi ne pia mater, siriri ƙwarai, yana liƙe da ƙwaƙwalwa yana bin kowane lungu da kowane kwari nata, ɗauke da ƙananan jijiyoyin jini. Na tsakiya kuwa yana da zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, kuma a ƙarƙashinsa ne ruwan ƙwaƙwalwa yake gudana. Ruwan nan garai-garai ne, kusan mililita 150, wato bai kai rabin kwalbar lemo ba. Jiki yana samar da kusan mililita 500 nasa a kullum, tsohon yana komawa cikin jini. A cikinsa ƙwaƙwalwa take shawagi, shi ne yake rage mata ƙarfin girgiza.

Wanda ya taɓa tsayawa ana fasa kan rago bayan Babbar Sallah ya ga biyu daga cikinsu da idonsa. Fatar nan mai tauri da take maƙalewa a jikin ƙashi ita ce ta waje. Yanar nan mai ja-ja da ake ɓarewa daga jikin ƙwaƙwalwa kafin a dafa, ita ce ta ciki haɗe da ta tsakiya. Wannan haɗewar tasu ita ta sa masanan dā suka ƙirga biyu kawai.

Kafin a ce uwa

Rubutu mafi daɗewa da ya ambaci wannan tantani daga Masar ya fito. Wata doguwar takarda ce ta tsoffin Misirawa da wani Ba'amurke mai suna Edwin Smith ya saya a Luxor a 1862, James Henry Breasted kuma ya buga fassararta a 1930. An rubuta ta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tana ɗauke da bayanin raunuka 48, an faro daga kai ana gangarowa. A rauni na shida an kwatanta mutumin da ƙoƙon kansa ya farfashe har ana ganin ƙwaƙwalwa, an kuma ambaci tantanin da ya rufe ta da ruwan da ke cikin kai.

Girkawa sun kira shi meninx. Kalmar ba ta da wata ma'ana ta daban, tantani kawai take nufi. Aristotle, wanda ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa tantani biyu ne suka kewaye ƙwaƙwalwa, na kusa da ƙashi ya fi ƙarfi. Bayansa kaɗan, a birnin Iskandariyya, Herophilus ya feɗe gawarwakin mutane ya bi hanyoyin jinin da ke cikin tantanin waje. Har yau akwai wata mahaɗar jini a ƙeya da ake kira da sunansa.

Wanda maganarsa ta fi tasiri shi ne Galen, da littattafan Larabci suka sani da Jalinus. An haife shi a shekara ta 129 a Pergamon, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu. Ya fara aiki a matsayin likitan 'yan wasan takobi, daga baya ya koma Rum ya zama likitan sarki Marcus Aurelius. A zamaninsa ba a feɗe gawar mutum, don haka dabbobi ya yi ta feɗewa: birai, aladu, shanu. Ya ma shawarci ɗalibansa su nemi ƙwaƙwalwar sa a wurin mahauta a manyan birane su koyi aiki da ita. Jalinus ya bambance tantanin biyu da sifofi masu sauƙi: ɗaya mai kauri ko mai tauri, ɗaya siriri. Ka ga har zuwa nan babu uwa a zancen.

Yadda uwa ta shigo

A ƙarni na 9, a Bagadaza, aka duƙufa wajen juya littattafan Girkawa zuwa Larabci. Jagoran masu fassarar littattafan likitanci shi ne Hunayn ibn Ishaq, wani Kirista da ya rasu a 873. A wata wasiƙa da ya rubuta ya lissafa littattafan Jalinus 129, yana faɗin wanda aka fassara da wanda ya fassara shi, zuwa Suryaniyanci ko zuwa Larabci. Matsalar da shi da almajiransa suka fuskanta ita ce wadda duk mai rubuta kimiyya da Hausa ya sani: ga abu a gabanka, ga sunansa a baƙon harshe, to da wane suna za ka kira shi?

Game da tantanin ƙwaƙwalwa, Larabawa suna da kalmarsu tun kafin fassara. Suna cewa umm al-dimagh, uwar ƙwaƙwalwa, ko umm al-ra's, uwar kai, suna nufin fatar da ta tattare ƙwaƙwalwa. Wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure ya ci karo da shaidar hakan, ko da bai lura ba. A babin diyya an jera raunukan kai gwargwadon zurfinsu. Akwai mudiha, wadda ta bayyana ƙashi. Akwai ma'amuma, wadda ta huda ƙashi ta isa ga uwar ƙwaƙwalwa, diyyarta kuma sulusi ce. Sunan ma'amuma daga umm ya fito. Yana nan cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, wanda ya rasu a 795, kafin ma a haifi Hunayn.

Me ya sa uwa? A Larabci, abin da ya tattare wani abu, ko ya zama tushensa, ana kiransa uwarsa. Makka ita ce Ummul Ƙura, uwar garuruwa. Fatiha ita ce Ummul Kitab. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin mu ma haka muke yi. Muna cewa uwar kuɗi, muna bambance ta da riba. Muna da uwar garke, da uwar ƙungiya, da uwar maƙera da ake dukan ƙarfe a kanta. Ba wanda yake jin waɗannan ya ɗauka haihuwa ake nufi. Tantanin da ya rungume ƙwaƙwalwa, yake kare ta, yake kai mata jini, ya cancanci sunan. Daga baya wasu marubuta sun ƙara da cewa wai daga shi ne sauran tantanin jiki duka suka tsiro, shi ya sa ya zama uwa. Ilimin halittar ɗan tayi bai tabbatar da wannan ba.

Abin da likitocin da suke rubutu da Larabci suka yi shi ne, suka ɗauki umm ɗinsu ta gado suka liƙa mata sifofin Jalinus. Mai kaurin ya zama al-umm al-jafiya ko al-umm al-galiza, wato uwa mai kaushi ko mai kauri. Jafiya tushenta ɗaya da jafa'i da muka ara. Siririn kuma ya zama al-umm al-raƙiƙa. Riƙe wannan kalma ta raƙiƙa, za mu dawo kanta.

Da waɗannan sunaye Ali ibn al-Abbas al-Majusi ya yi amfani. Likita ne ɗan Ahwaz a ƙasar Farisa, ya rubuta wani babban littafi mai suna Kamil al-Sina'a al-Tibbiyya, ya sadaukar da shi ga sarki Adud al-Dawla, wanda ya rasu a 983. Saboda haka ake kiransa al-Kitab al-Malaki, littafin sarki. Kashi 20 ne, goma bayanin ilimi, goma aikin magani. Wannan littafi ne ya ɗauki uwa ya tsallaka da ita Turai.

Daga Tunisiya zuwa Italiya

Wajen 1077 wani mutum daga ƙasar Tunisiya ta yanzu ya sauka a Salerno, a kudancin Italiya, garin da ya shahara da likitoci amma yake da ƙarancin littattafai. Tarihi ya san shi da Constantine na Afirka. Ya shiga gidan rahibai na Monte Cassino, ya ƙarasa rayuwarsa yana juya littattafan likitanci daga Larabci zuwa Latin. Mafi girman aikinsa shi ne littafin al-Majusi, wanda ya sa wa suna Pantegni, kalmar Girkanci mai nufin sana'ar gaba ɗaya. Sai dai bai ambaci sunan mai littafin ba. Ruɗanin da wannan ya jawo ya daɗe: a 1515 an buga Pantegni a Lyon ta Faransa cikin ayyukan wani likita daban, Ishaq al-Isra'ili.

A 1127, a birnin Antakiya, wani ɗan garin Pisa mai suna Stephen ya sake fassara littafin tun daga farko. Ya soki Constantine kan ɓoye sunan marubucin, ya mayar wa al-Majusi haƙƙinsa. Da Turawa suka tauna sunan Ali ibn al-Abbas, sai ya koma Haly Abbas, kuma da shi suka san shi. Ta hanyar fassarar wannan littafi ne dura mater da pia mater suka shiga Latin, daga nan suka bazu a makarantun likitanci na Turai.

Rabin farko bai ba da wahala ba. Mater uwa ce, dura mai tauri, ya yi daidai da jafiya. A rabi na biyu aka sami zamiya. Raƙiƙ a Larabci yana da fuska biyu. Ana faɗinsa ga abu marar kauri, kamar takarda ko yadi shara-shara. Ana kuma faɗinsa ga zuciya mai taushi da jinƙai. Al-Majusi na farkon yake nufi, domin sifar Jalinus yake maimaitawa. Latin yana da kalmar da ta dace da hakan, tenuis. Amma mai fassara ya ga uwa a gefe, sai hankalinsa ya tafi ga ma'ana ta biyu, ya sa pia, kalmar da take nufin mai ƙauna, mai tausayi, mai riƙon ibada. Kamar a ce wani ya ji Bahaushe ya ce tuwo ya yi taushi, sai ya fassara cewa tuwon yana da sauƙin hali. Siririn tantani ya wayi gari ya zama uwa mai tausayi.

An so a kore ta, ta ƙi tafiya

A ƙarni na 16 masanan Turai sun koma karanta Jalinus kai tsaye da Girkanci, suka fara kallon kalmomin da suka biyo ta Larabci a matsayin gurɓataccen Latin. Da yawa an share su. Andreas Vesalius, malami a Padua wanda ya buga shahararren littafinsa na zanen gaɓoɓin jiki a Basel a 1543, ya fi son ya ce dura membrana da tenuis membrana, wato tantani mai tauri da siririn tantani, kamar dai yadda Jalinus ya faɗa. Vesalius ya gyara kurakuran Jalinus masu yawa, duniya ta karɓa. Amma a kan wannan suna bai yi nasara ba. Bakin likitoci ya riga ya saba.

A ƙarni na 17, a Amsterdam, Gerard Blasius ya ware tantanin tsakiya a matsayin hawa mai zaman kansa, aka sa masa suna daga arachne, gizo-gizo da Girkanci. Da yake 'yan uwansa biyu uwaye ne, shi ma daga baya aka liƙa masa mater. A 1895 masana ilimin gaɓoɓin jiki suka taru a Basel domin tace tarin sunayen da suka yi yawa su fitar da jeri ɗaya, suka bar dura mater da pia mater yadda suke. Jerin sunaye na duniya da aka fitar a 1998 ma bai taɓa su ba.

Ga kuma inda labarin ya zagayo. Da aka zo rubuta littattafan likitanci na zamani da Larabci, daga harsunan Turai aka riƙa fassarowa. Dura mater ta koma al-umm al-jafiya, sunanta na asali. Pia mater kuwa, ɗalibin likitanci a Dimashƙa yau al-umm al-hanun yake ce mata, uwa mai tausayi. Zamiyar da aka yi a Latin ta dawo gida, Larabci ya karɓe ta.

Inda sunan yake aiki a asibiti

Mai karatu zai iya cewa wannan duk zancen malamai ne. To, amma sunayen nan suna fitowa a bakin likita a lokutan da rai yake kan siraɗi, kuma sanin su yana taimakawa.

Ɗauki haɗarin babur. A gefen kai, ɗan sama da kunne, ƙashin ba shi da kauri, kuma akwai jijiyar jini da take bi tsakaninsa da dura. In ƙashin ya tsage ya yanke ta, jini yana taruwa a bisa dura, abin da likita zai kira efidural, domin epi na nufin bisa. Wani lokaci mutum yakan suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo, ya yi magana garau, 'yan uwa su ce ai da sauƙi su tafi da shi gida. Bayan 'yan sa'o'i jinin ya taru ya danne ƙwaƙwalwa. Shi ya sa wanda ya bugu a kai har ya suma, ko yake amai, ko barci yake ta fizgarsa, asibiti za a kai shi ko da ya ce lafiyarsa ƙalau. A wurin tsofaffi kuwa an fi samun jini a ƙarƙashin dura, subdural ke nan, yana tsiyaya a hankali tsawon makonni bayan faɗuwar da kowa ya manta da ita. Allurar kashe zafin naƙuda da ake yi a baya ita ma efidural ce, saboda a wajen dura ake zuba maganin.

Ita kuma tsohuwar kalmar Girkawa, meninx, ba ta mutu ba. Daga ita aka ƙera sunan da likitoci suke kiran kumburin tantanin ƙwaƙwalwa, cutar da mu muka sani da sanƙarau. Sunanmu daga sanƙarewa ya fito, abin da ido yake gani a jikin marar lafiya. Dalilin sanƙarewar yana cikin abin da muka faɗa a baya: tantanin ya gangara har cikin ƙashin baya, to in ya kumbura, sunkuyar da kai yana ja masa, sai naman wuya ya ɗaure don ya hana motsin. Azababben ciwon kan ma yana da alaƙa da tantanin, domin naman ƙwaƙwalwa kansa ba ya jin zafi, dura kuwa cike take da jijiyoyin jin zafi. Ruwan da likita yake zuƙowa da allura daga ƙasan baya don gwaji, shi ne ruwan nan da ke ƙarƙashin tantanin tsakiya, dabarar da Heinrich Quincke ya fito da ita a Jamus a 1891.

Ƙasar Hausa tana tsakiyar yankin da wannan cuta ta fi addaba a duniya, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha ya ratsa ƙasashe 26. A annobar 1996, a Nijeriya kaɗai mutum fiye da 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu. A 2010 aka fara rigakafin MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, a 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da take kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, musamman a watannin zafi da ƙura, ba abin da za a kwana da shi a gida ba ne.

Abin da ya rage gare mu

Yau masu rubuta kimiyya da Hausa suna zaune a kujerar da Hunayn da Constantine suka zauna. Tarihin wannan suna ya nuna abu biyu. Na farko, Larabawa ba su jira sun ƙirƙiro baƙuwar kalma ba. Sun duba bakin mutanensu suka sami umm al-dimagh, suka gina a kai. Mu ma muna da tantani, da laka, da sanƙarau, kuma mahauta da masu ɗori da ungozomomi suna riƙe da wasu sunayen da ba su shiga littafi ba tukuna. Na biyu, sunan da ya fara shiga littafin karatu da wuya ya fita, ko da an gano ya karkace. Vesalius da duk girmansa ya gwada bai iya ba. Don haka in an zo raɗa wa hawa ukun nan suna da Hausa, gara a dubi abin da kansa kafin a dubi ƙamus: tantani mai kauri a waje, mai saƙar gizo a tsakiya, siriri a ciki. Duk mahaucin da ya taɓa fasa kan sa zai gane na farko da na ƙarshe ba tare da an yi masa bayani ba.